Tarihin Zaɓen Ƴan Majalisa a Ƙasar Ƙonni

 Hirarmu ta yau a kan zaɓe take. Za mu ga yadda mazaɓar Ƙonni ta samu, da yadda ta ɓace.

Da farko, mene ne mazaɓa? Mazaɓa ita ce yankin ƙasa da mutanensa ke haɗa ƙuri'unsu, su fitar da wakilan da za su yi magana da sunansu a majalisa.

A 1946 aka zaɓi Jori Hamani ya wakilci Nijar a majalisar Faransa. Amma a lokacin mutane kaɗan ne ke da izinin jefa ƙuri'a, kamar sarakuna, da ma'aikatan gwamnati, da tsofaffin sojoji. Yawancin manoma ba su da kati. Mata kuwa, sai ɗai-ɗai.

A 1956 aka yi wata doka a Faransa. Ita ce ta ba kowane baligi ƙuri'a, namiji da mace, mai kuɗi da talaka. A lokacin an raba ƙasa bisa yankunan kwamandoji. Ƙonni tana da nata kwamandan, don haka mutanen birni da na ƙauyukanta suka fitar da nasu wakilai.

Ran 31 ga Maris 1957 aka zaɓi majalisar Nijar mai kujera 60. Jam'iyyu biyu ne manya. Akwai Sawaba ta Jibo Bakari, alamarta raƙumi. Akwai RDA ta Jori Hamani, alamarta giwa. Wanda bai iya karatu ba, alamar yake dubawa. Ɓangaren Jibo ya samu kujera 41, RDA ta samu 19.

Abin bai daɗe ba. Ran 28 ga Satumba 1958 aka tambayi jama'a: a zauna tare da Faransa, ko a rabu nan take? Sawaba ta ce a rabu. Masu cewa a zauna suka yi rinjaye. A zaɓen Disamba 1958 Sawaba ta faɗi, Jori ya kama mulki. A 1959 aka haramta Sawaba.

Bayan samun ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960, jam'iyya ɗaya ta rage. A zaɓen 1965 da na 1970, takarda ɗaya aka kawo mai sunan mutum 50, ta ƙasa baki ɗaya. Babu abokin takara. Kun ga ke nan mazaɓar Ƙonni ta tafi. Mutum yana jefa ƙuri'a, amma a Yamai ake tsara sunayen.

Ran 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka karɓi mulki, Seyni Kunce ya rufe majalisa. Shekara 15 babu zaɓen ƴan majalisa, sai a Disamba 1989. Shi ma na jam'iyya ɗaya ne, wato MNSD.

Babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe hanyar jam'iyyu da yawa. A Fabrairu 1993 aka zaɓi ƴan majalisa 83. Amma ba a maido da mazaɓar Ƙonni ba. An haɗa ƙuri'un Ƙonni da na Illela, da Madawa, da Buza, da Keita cikin babbar mazaɓar Tawa. Kowace jam'iyya ta kawo jerin sunaye, aka raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da ta samu. Wannan tsari yana ba ƙananan jam'iyyu dama. Aibinsa shi ne, talaka bai cika sanin wane ne wakilin garinsa ba.

A wannan zamani ne Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji ta ƙasar Illela, ya zama firaminista a 1993, kuma shugaban ƙasa daga 2011 zuwa 2021. A 2004 kuma Dogarawa ta zaɓi kansalolinta na kwamin. Zaɓen ƴan majalisa na Disamba 2020 shi ne ya fitar da majalisar da sojoji suka rushe ran 26 ga Yuli 2023.

Ƴan'uwa, a garuruwanmu akwai tsofaffin da suka ga zamanin raƙumi da giwa. Ku je ku tambaye su wa suka zaɓa, kuma me ya yi musu. Ku rubuta amsar a littafinku, ku kawo aji mu karanta tare. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.