Fataucin Shanu Daga Arewa Zuwa Kudu

Tun kafin zuwan Turawa, Fulani ke kiwon shanu, fataken Hausawa kuma su saya su kora zuwa Kudu, inda ƙudan tsando ke hana shanun Arewa daɗewa. Annobar bushiya da ta ɓarke wajen 1890 ta kusa ƙarar da garkunan ƙasar. Makiyaya ba su gama farfaɗowa ba Turawa suka zo suka tsananta karɓar jangalin da suka tarar sarakuna na karɓa.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka fara loda shanu a taragu zuwa Ikko, ko da yake masu kora da ƙafa ba su daina ba. A can Kudu kuwa, a unguwar Sabo ta Ibadan, maigida ne ginshiƙin harkar a wancan zamani. Shi ke saukar da falke, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya wa mahaucin da ya ɗauki bijimi bashi. In mahauci ya ƙi biya, wuyan maigida ake kamawa.

Yau tirela ta maye gurbin jirgi, tana lodi daga karar Potiskum, Wudil ko Maigatari.