Yajin Aikin Ma'aikatan Gidan Waya a Amurka, 1970

Ranar 18 ga Maris 1970, masu raba wasiƙu a birnin Niyu Yok suka ajiye jakunkunansu saboda ƙarancin albashi, alhali doka ta haramta musu yajin aiki. Kafin a ankara, kimanin ma'aikata 200,000 sun bi sahu. Shugaba Nixon ya tura sojoji su tantance wasiƙu, aikin ya gagare su. Bayan kwana 8 aka sasanta.

Dokar da ta biyo baya ta ba ƙungiyoyin ƙwadago ikon ciniki kan albashi da sharuɗɗan aiki. Yarjejeniyarsu ta hana ladabtar da ma'aikaci ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ta kuma ba shi damar kai kuka gaban mai shiga tsakani. Haramcin yajin aiki kuwa yana nan har yau.