Yadda inshorar lafiya ta bar tsofaffin Kaduna a baya

A watan Agustan 2025 Shugaba Bola Tinubu ya umarci hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, da ta gaggauta fito da shirin kula da lafiya kyauta ga 'yan fansho masu ƙaramin ƙarfi. Labari ne mai daɗi, amma ya tono wata tambaya: shekara 20 da fara inshorar lafiya ta ƙasa, yaya aka yi sai yanzu ake neman inda za a saka tsoho? Tambayar ta fi ciwo a Kaduna. Duk wanda ya san Kawo da Malali da Unguwar Rimi da Badarawa ya san unguwanni ne cike da dattawan da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a ma'aikatun gwamnatin Arewa, da jirgin ƙasa, da barikin soja, da masaƙu.

Kafin zuwan Turawa, jinyar tsoho aikin gida ce. 'Ya'ya da jikoki su ɗauki nauyi, wanzami da mai magani su yi nasu. Da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, asibitin zamani ya biyo gwamnati, kuma ma'aikatanta da sojojinta ya fara yi wa hidima. Asibitin da aka daɗe ana kira Nursing Home, wanda yau yake ɗauke da sunan Dakta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa, na Turawa da manyan ma'aikata ne a farkonsa. Tun daga nan magani ya fara bin aiki.

A 1962 ministan lafiya na tarayya, Dakta Moses Majekodunmi, ya kai wa majalisa ƙudirin tsarin biyan kuɗin jinya tun kafin ciwo ya zo, wanda aka so a fara da Legas. Likitoci suka ƙi, ƙudirin ya mutu. Kuɗin man fetur ya zo ya rufe maganar, domin a shekarun 1970 asibitin gwamnati bai cika tambayar aljihun mara lafiya ba. Da farashin mai ya faɗi sai asiri ya tonu, har jawabin juyin mulkin Disamban 1983 ya koka cewa asibitoci sun koma wurin ganin likita kawai, babu magani. Shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, shekara guda bayansa ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako cewa mara lafiya ya riƙa biyan wani abu don magani ya ɗore. Aka yi ta kafa kwamitoci har zuwa 1999, lokacin da gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, da dokar soja mai lamba 35. Dokar ta kwanta shekara shida, sai ranar 6 ga Yunin 2005 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin.

A nan ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin a nan aka yi kuskuren da har yau ake biyan bashinsa. An fara da ma'aikatan gwamnatin tarayya. A takarda, mai ba da aiki zai zuba kashi 10 cikin 100 na ainihin albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5. Katin ya ɗauki ma'aikaci da matarsa ɗaya, ko mijinta, da 'ya'yan cikinsa huɗu da ba su kai shekara 18 ba, kuma idan an rubuta magani ya biya kashi 10 na kuɗin. A karanta wannan da idon Bahaushe. Ina uwar ma'aikacin da ke zaune a ɗakin tsakar gidansa da hawan jini? Ina mahaifinsa mai yanar ido? Babu su a lissafin sai an ƙara kuɗi. Shi kansa ma'aikacin, ranar da ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, albashi ya tsaya, katin ma ya tsaya. Ya yi shekarun ƙarfinsa yana cikin tsarin yana zuwa asibiti jefi-jefi, sai lokacin da ciwon suga da ciwon gwiwa da matsalar mafitsara suka sallamo aka ce masa ya fita. Wannan ba adalci ba ne.

Na sha jin wasu dalilan daban. Masu cewa addini ne suna nuna yadda malamai suka yi ɗari-ɗari da inshora saboda shubuhar da ke cikinta. An yi wannan muhawara, ba a musu. Amma an samo mata mafita: Kano da Katsina da Sakkwato da Kaduna duk sun gina nasu tsarin a kan taimakekeniya, kowa ya zuba a asusu ɗaya a yi wa wanda ya kwanta magani, abin da mai yin adashe bai buƙatar a yi masa dogon bayani a kai. Ban da haka, tsohon da ke jihohin da ba a taɓa yin wannan muhawara ba shi ma a waje aka bar shi. Wasu kuma su ce ai mu 'ya'yanmu ne inshorarmu. Haka ne a da. Sai dai Kaduna ta ga yadda wannan igiya take tsinkewa: masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, dubban magidanta suka rasa aiki, da yawa ba tare da haƙƙoƙinsu ba. Ɗan da ba shi da aiki ba zai iya biya wa ubansa wankin ƙoda ba, kome son da yake masa.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta almundahana. An ga dambarwar 2017 zuwa 2019, lokacin da shugaban NHIS Farfesa Usman Yusuf ya yi ta zargin kamfanonin HMO, masu shiga tsakanin hukuma da asibitoci, da riƙe kuɗin marasa lafiya, shi ma aka dakatar da shi har sau biyu kafin a sallame shi. Wannan ya zubar da mutuncin shirin a idon jama'a. Amma ko da ba a taɓa kobo ba, tsoho ba zai amfana ba, tunda tun a rubuce babu sunansa. Hujjata tana nan cikin Kaduna: tsohon soja yana da hanyar jinya ta kamfanin DHML na ma'aikatar tsaro, yana iya zuwa asibitin sojoji na 44 bayan ya ajiye kaki. Da aka so a rubuta 'yan ritaya a cikin tsari, an rubuta su.

Gyara ya zo a makare, kuma daki-daki. Dokar lafiya ta ƙasa da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, amma sai a kasafin 2018 kuɗin ya fara bayyana. Sharaɗin cin moriyarsa shi ne kowace jiha ta kafa tata hukumar inshorar lafiya, kuma a 2018 ɗin gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta kafa KADCHMA, tare da aikin gyara ƙaramin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa cikin 255 na jihar. Ranar 19 ga Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da NHIS zuwa NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma kafa asusun masu rauni, inda ta ambaci tsofaffi ƙarara tare da mata masu juna biyu, da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da masu buƙata ta musamman, da marasa galihu. Shekara 60 ke nan cif daga ƙudirin Majekodunmi.

To, yau ina dattijon Unguwar Dosa ko Hayin Banki zai dosa? Idan ba shi da hali, hanyarsa ita ce gurbin masu rauni da KADCHMA ke yi wa rajista a ƙananan asibitocin mazaɓu, ba tare da ya biya ba. Ya je da lambarsa ta NIN, ya tambayi mai kula da asibitin mazaɓarsa, kuma ya san guraben ƙididdigaggu ne, ba sa isar kowa. Idan 'ya'yansa suna da ɗan abin hannu, za su iya biya masa kuɗin shekara a tsarin masu zaman kansu na KADCHMA, ko a shirin GIFSHIP na tarayya da aka fito da shi a 2020, wanda yake karɓar 'yan ritaya. Ko wanne aka zaɓa, a yi rajistar tun yana kan ƙafafunsa, domin kati ba ya fara aiki a ranar da aka biya. A kuma zaɓi asibitin da ke kusa da gida, tunda daga nan ne ake tura mutum asibitin Barau Dikko ko babban asibitin Kawo idan ciwo ya fi ƙarfinsu. Sannan a tambayi abin da katin bai ɗauka ba, musamman manyan cututtuka masu cin kuɗi.

Duk wannan faci ne. Har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita. Ghana ta kafa nata tsarin a 2003 a kan harajin kashi 2.5 na kayan saye, ta ɗauke wa duk wanda ya kai shekara 70 biyan kuɗin shekara. Amurka ta yi wa 'yan shekara 65 tsarin Medicare tun 1965. A wuraren nan shekarun mutum ne ke ba shi haƙƙi, ba takardar albashinsa ba. Ko umarnin Shugaba Tinubu 'yan fansho ya shafa, alhali yawancin tsofaffin Kaduna 'yan kasuwa ne da direbobi da masu sana'ar hannu da matan gida, waɗanda ba su taɓa karɓar fansho ba.

Majalisar dokokin Kaduna da ke zama a Lugard Hall tana da ikon gyara wannan. Ta yanke shekarun da duk mazaunin jihar da ya kai su zai shiga KADCHMA kai tsaye, ta rubuta inda kuɗin zai fito a cikin doka, ta kuma hana a cire sunan ma'aikaci daga rajista saboda ya yi ritaya.