Barewar Kaibab da Layin da Ba Ya Tafiya

Wani mai karatu daga Gusau, wanda ya ce kakansa maharbi ne, ya aiko mini da tambaya cikin mamaki. Ya ji labarin cewa a watan Janairun 2025, a garin Reno na jihar Nebada, wani attajiri ya biya dala miliyan 1.3 a wurin gwanjo domin a ba shi izinin harbin ragon dutse guda ɗaya a jihar Niyu Meziko. Kuma ba a ɗaure za a miƙa masa ragon ba. Sai ya hau duwatsu ya nemo abinsa, in ya dawo hannu rabbana kuɗinsa sun tafi ke nan. Malamin yana so ya ji yadda talakawan mafarauta na can suke yi.

Malam, labarin gaskiya ne, amma irin wannan izini na gwanjo 'yan ƙalilan ne. Sauran jama'a ƙuri'a suke shiga. A jihohin yammacin Amurka lasin farauta daban, tikitin dabba daban. Tikiti na dabba ɗaya ne, a yanki ɗaya, cikin ƙididdigaggun kwanaki, kuma da zarar ka kayar da ita sai ka yanke kwanan wata a jikinsa ka ɗaura mata. Inda masu nema suka fi tikiti yawa, sai kowa ya cika takarda a farkon shekara, kwamfuta ta yi canki-canka. Duk wanda ya taɓa cika takardar cacar bizar Amurka ya san irin wannan zaman jiran.

Asalin abin taƙaddama ce a kan wa ke da naman daji. A Ingila ta dā barewa ta sarki ce da manyan masu filaye, talakan da ya harbe ta ɓarawo ne. Amurkawa suka ce ba su yarda ba, daji na kowa ne, kowa kuwa ya ɗauki bindiga. Ɓaunar Amurka da ake lissafa ta da miliyoyi, da William Hornaday ya ƙidaya ta a 1889 kaɗan ta haura dubu. A 1896, a shari'ar wani mai suna Geer da aka kama zai fitar da tsuntsayen daji daga jihar Connecticut, Kotun Ƙoli ta ce namun daji amana ne a hannun kowace jiha domin dukan mutanenta. Dokar Lacey ta 1900 ta toshe safarar naman da aka harba ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha. Darasin da aka ɗauka a lokacin mai sauƙi ne: a hana harbi, dabbobi su huta. Sai Kaibab ta zo ta dagula lissafin.

Kaibab tudu ne mai duhun itatuwa a arewacin Arizona. Daga kudu katafaren kwazazzabon nan na Grand Canyon ya tare shi, sauran ɓangarorin hamada ce, don haka barewar da ke kai kamar a tsibiri take. Irin barewar nan ce mai manyan kunnuwa kamar na alfadari, namijinta da ƙaho rassa-rassa. A 1906 Shugaba Theodore Roosevelt ya mayar da wurin gandun daji, ana ƙiyasin barewa kusan 4,000 a ciki. Aka hana harbinta, aka kuma sa maharban gwamnati su share duk abin da ke cin ta: zakin dutse ɗaruruwa, kyarketai, da dubban kayoti, ɗan'uwan dilan nan namu. Shahararre a cikinsu shi ne Jim Owens, wanda kowa ke kira Kawu Jim, mai bugun ƙirjin cewa shi kaɗai ya kashe zakin dutse fiye da 500. A 1913 Roosevelt da kansa, bayan ya sauka daga mulki, ya je suka yi farautar zakin tare.

Ba a yi shekara ashirin ba barewa ta cika tudun. Ta cinye ganye har iya inda bakinta ke kaiwa, ta koma cin ɓawon itace, in sanyi ya shigo a wayi gari gawarwaki birjik. Ma'aikatar gandun daji ta tarayya ta ce a rage su. Stephen Mather, shugaban hukumar wuraren shaƙatawa, ya ce atafau, ai barewar ce masu yawon buɗe ido ke zuwa kallo.

Ana cikin wannan ja-in-ja sai wani mutumin Flagstaff, George McCormick, ya zo da dabara. Ya ce a ba shi kwangila ya koro dubban barewa kamar shanu, ya gangara da su cikin kwazazzabon, ya haye Kogin Kolorado, ya hau da su gaɓar kudu, a biya shi bisa kowane kai. Duk ɗan Fulanin da ya ji wannan zai yi dariya, amma hukuma ta amince. Zane Grey, marubucin labaran kaboyi, ya zo da masu ɗaukar fim. A watan Disambar 1924 mutum fiye da ɗari, kaboyi da 'yan ƙabilar Navajo, suka jeru a daji da ƙararrawar shanu da gwangwanaye, suka tasa da ihu. Mu da muka san farautar gayya mun san ana kora ne zuwa inda maharba ke jira, ba a rakiyar barewa zuwa wani gari. Dusar ƙanƙara ta sauko, layin ya tsinke, wasu suka ɓata. Da aka isa bakin kwazazzabon babu barewa ko ɗaya a gaba, duk sun ratsa ta tsakanin masu kora sun koma baya. Zane Grey ne kaɗai ya ci riba, don ya sami labarin littafi.

Saura harbi ke nan. Nan ma sai gwamnan Arizona ya miƙe. Sunansa George W. P. Hunt, sunan da a Turanci ke nufin farauta, ƙaton mutum mai ƙaton gashin baki wanda ya hau kujerar gwamna sau bakwai, yau kuma kabarinsa ɗan farin dala ne a birnin Phoenix. Hunt ya ce ƙasar gandun ta tarayya ce, amma barewar ta Arizona ce. Aka kama mutum uku da suka harbi barewa da izinin jami'an tarayya. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1928 ta yanke cewa tarayya na da ikon kashe barewa don kare dajinta, da sharaɗin duk gawar da za a fitar a ɗaura mata shaida. Amma ba a ba tarayya ikon raba wa mafarauta lasin da ya saɓa wa dokar jiha ba. Gwamna ya faɗi shari'a, ya tsira da abin da ya fi tsoka. Har gobe jiha ce ke raba tikiti, ko da a kan ƙasar tarayya za a yi farautar.

Barewa nawa ce a Kaibab a 1924? Shekara da shekaru littattafan makaranta na cewa 100,000. Adadin ya yaɗu ne ta rubutun Irvin Rasmussen na 1941, masanin daji Aldo Leopold kuma ya ɗauke shi ya gina hujjarsa cewa kashe masu cin nama ne ya jawo bala'in. A 1970 wani masani ɗan Niyu Zilan, Graeme Caughley, ya koma kan takardun asali ya tarar da cewa dubu ɗarin nan ƙiyasin baƙi ne da suka zagaya suka tafi, alhali jami'an da ke zaune a dajin kusan 30,000 suke cewa. Ya ƙara da cewa an kwashe dubban tumaki da shanu daga tudun, abinci ya yalwata, wataƙila shi ne sanadi, ba rashin zaki ba. Daga nan littattafai suka yi ta goge labarin a kunyace. A 2006 Dan Binkley da abokan aikinsa suka ƙidaya shekarun itatuwan aspen na tudun, suka ga giɓi: ƙananan da ya kamata su tashi a shekarun 1920 kusan babu su, an cinye. Ni a nan ina tare da Caughley a kan adadi, don wanda ya kwana a wuri ya fi wanda ya leƙa sanin abin da ke ciki. Amma masu cewa tatsuniya ce gaba ɗaya sun wuce gona da iri, itatuwa ba su san siyasar masana ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, gwamna da tarayya sun kai juna har Kotun Ƙoli a kan garken da babu wanda ya san yawansa.

Daga wannan abin kunya da makamantansa aikin ƙidaya ya samu gindin zama. A 1937 dokar Pittman da Robertson ta karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa hukumomin namun daji na jihohi, suka ɗauki masana, suka fara ƙirga garke kafin su faɗi nawa za a harba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mafarauta suka ninka, tikiti bai ninka ba. Tunda an riga an ce dabbar ta kowa ce, ba za a sayar wa wanda ya fi kuɗi ba, ba za a bai wa ɗan wane ba, sai ƙuri'a.

Ƙuri'a kuwa ba ta da kara. Wani ya nema shekara goma sha biyar bai samu ba, maƙwabcinsa ya nema sau biyu ya samu sau biyu. Don a rarrashi masu ƙorafi aka ƙirƙiro maki: duk shekarar da ka faɗi, a rubuta maka ɗaya. Iri biyu ne. Akwai makin fifiko, inda wanda ya fi maki shi ne gaba, layi sak, irin wanda aka san Kolorado da shi. Akwai kuma wanda zan kira makin gyara, inda kowane maki ke ƙara jefa sunanka cikin ƙwarya amma bai yi maka alkawari ba. Nebada tana ninka makin da kansa, mai maki 10 sunansa ya shiga sau 101, sabon shiga sau ɗaya. Wasu sun gauraya: Yuta rabi da rabi, Arizona ta ware kashi 20 ga masu maki mafi yawa, Wayomin da Oregon kashi 75.

A kan takarda kamar adashi ne, kowa zai ɗauka in lokacinsa ya yi. Sai dai adashi yana da adadin mutane. A ɗauka, a matsayin misali, yanki na ba da tikiti 10 a shekara, mutum 500 suka shiga layi rana ɗaya. Na ƙarshensu sai ya yi shekara 50. Wanda ya zo bayansu da shekara guda ko ƙamshi ba zai ji ba sai an sallame su duka. Haka ake ganin makin da ake bukata yana hawa ɗaya duk shekara, daidai da yadda naka ke hawa, kana tafiya layin na tafiya da kai. Mafarautan can suna da suna ga wannan, wai maki na rarrafe. Yankunan da suka fi daraja a Kolorado yanzu sai mai makin shekara ashirin da wani abu zuwa talatin, ana ba dattijo tikitin hawan dutse lokacin da gwiwa ta daina ɗauka. Aidaho da Niyu Meziko sun ƙi tsarin maki tun farko, kowace shekara kowa daidai, kuma a ganina su ne suka riƙe amanar 1896. Yaron da ya fara bana ba shi da laifi don an riga shi haihuwa. Hukumomin da suka shiga kuwa fita ta yi wuya, ga kuɗin maki na shigowa duk shekara, ga dubban mutane da suka ɗauki makinsu tamkar ajiya a banki.

Sauran tarihin rigimar ɗan gari da baƙo ce. A 1976 ɗan Montana na biyan dala 9 ya harbi elk, babbar barewar nan da ta fi gwanki girma, baƙo daga wata jiha sai ya biya 225. Lester Baldwin, mai sana'ar yi wa mafarauta jagora, ya kai ƙara. A 1978 Kotun Ƙoli, alƙalai shida da uku, ta ce farautar elk nishaɗi ce, ba hanyar cin abinci ba, Montana na iya tsawwala wa baƙo. Sai wasu masu jagora daga Niyu Meziko suka sake dabara a kan Arizona, wadda ta taƙaita baƙi ga kashi 10 na tikitin namijin elk da na barewar arewacin Kogin Kolorado, wato jikokin barewar Kaibab da aka rasa yadda za a yi da su a 1924. Suka ce su ƙaho da fata suke sayarwa, don haka ciniki ne tsakanin jihohi. Kotun ɗaukaka ƙara ta saurare su a 2002, a 2004 aka soke iyakar. Sanata Harry Reid na Nebada ya cusa gyara cikin dokar kuɗin gaggawa ta yaƙin Iraƙi a 2005, ikon ya koma hannun jihohi, kashi goman ya dawo.

A 2022 Wayomin ta rage rabon baƙi a tikitin ragon dutse daga kashi 25 zuwa 10. Akwai waɗanda suka fara tara makinsa tun 1995, a 'yan shekarun nan suna biyan dala 150 kan kowane maki, suna jiran ranar da za su ɗauka. Ba a taɓa musu maki ko ɗaya ba, yana nan cif a kwamfuta, kuma da aka buɗe sayar da na shekara ta gaba da yawansu sun sake biya.