Muryar Matafiyi: Yadda Kiran Gida Daga Makka Ya Yi Arha

A zamanin da ake zuwa Makka da ƙafa, mai niyya yakan yi wasiyya ya nemi gafarar dangi kafin ya kama hanya, domin babu wanda ya san ranar dawowarsa. Hanyar takan bi ta Borno da Wadai da Darfur har Sawakin, bakin Bahar Maliya, kuma tafiyar kan ci shekaru. Da yawa sun tsaya neman guzuri a gonakin auduga na Jazira a Sudan, wasu kuma can suka zauna har abada. Iyalin da aka bari a gida ba su da labari sai abin da mai dawowa ya faɗa. Mace takan shekara da shekaru ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba.

Wasiƙar ajami ta ɗan rage wannan duhu, amma da sauran rina a kaba. Wanda bai iya rubutu ba sai ya nemi malami ya rubuta masa, can gida ma wani ne zai karanta. Maganar da ke tsakanin miji da mata ba ta shiga irin wannan takarda.

Kaset ne ya fara kawo muryar kanta. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, kuma zuwa shekarun 1970, lokacin da jirage ke kwasar alhazai daga Kano, rediyo mai kaset ya shiga cikin tsarabar Makka. Mazauna Makka da Jidda sukan ɗauki maganarsu a kaset, su gaida kowa da sunansa, su ba alhajin garinsu ya kai. Kuɗin kaset kawai za a kashe, sai dai amsa takan jira wani matafiyin.

Wayar tarho kuwa ta masu hali ce. An kafa NITEL a 1985, amma har shekarar 2000 layukan da ke aiki a Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. Mai kira daga Saudiyya yakan shiga shagon waya ya buga gidan wani attajirin unguwa, ya roƙi a kira masa mahaifiyarsa, ya kashe, sannan ya sake bugawa bayan an je an zo da ita. Ana magana ido na kan agogo, gaisuwa kaɗai ta cinye rabin kuɗin.

A watan Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin GSM, kowane a kan dala miliyan 285, kuma a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Da farko minti ɗaya naira 50 ne, ko da daƙiƙa biyar ka yi, har sai da Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Wanda ya fita waje da layinsa na gida ya gane kurensa, domin ko kiransa aka yi sai an caje shi. Sai mutane suka samo dabara: a sayi layin ƙasar da aka sauka, na gida ya yi filashin, wanda kiran ya fi masa sauƙi shi zai bugo.

Intanet ce ta karya farashin gaba ɗaya, saboda tana ɗaukar murya a matsayin data, ba ruwanta da nisan ƙasa. Skype ya fito a 2003, WhatsApp a 2009, ya ƙara saƙon murya a 2013 da kira a 2015. Saudiyya ta daɗe tana toshe kira ta irin waɗannan manhajoji, sai a watan Satumban 2017 ta sassauta. A tsawon wannan lokaci saƙon murya ne ya rufa wa mutane asiri: ba ya cin data sosai, yana jira har a samu sabis, kuma tsohuwar da ba ta karatu tana iya danna shi. Kaset ne ya dawo cikin sabuwar riga.

Yau alhaji na iya zama a masaukinsa ya hau Wi-Fi ya ga fuskar jikokinsa ba tare da ya kashe riyal ɗaya ba. Amma arhar ta zo da nata nauyi. A da, idan matafiyi ya yi shiru, akan ce hanya ce da nisa, a yi masa addu'a. Yanzu wannan uzuri ya ƙare. Wanda ya yi kwana uku bai kira gida ba, ko dai a shiga fargabar wani abu ya same shi, ko a ce ya samu duniya ya manta da mutane.