ZARE: Yadda talakawan Orangi suka gina wa kansu magudanar ƙazanta, da dattijon da ya ƙi raba musu ko kwabo 🧵

1/
Damina biyu da suka wuce, 'yan layinmu suka yi karo-karo aka gina kwata. Kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, mu matasa muka yi haƙa. Ruwan farko da aka tafka, sai ga shi ya juyo ya shige gidaje uku. Ashe ba a auna gangaren ba. Kuɗi sun tafi, zumunci ma saura ƙiris ya bi su.

2/
Tun ranar nake tambayar kaina, me muka rasa? Niyya akwai, ƙarfi akwai, kuɗi ma an tara. Sai a zangon karatun nan na ci karo da labarin wata unguwa a Pakistan da ta ba ni amsa. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo, amma wallahi ba za ku yi asarar data ba.

3/
Sunan unguwar Orangi, tana arewa maso yammacin Karachi. Irin unguwannin nan ne da aka yanka filaye ba da tsarin hukuma ba, su suna ce musu "katchi abadi". Ta fara cika a shekarun 1960, sannan ta tumbatsa bayan yaƙin 1971 da ya haifar da Bangladesh, lokacin da waɗanda yaƙin ya raba da gidajensu suka kwararo Karachi.

4/
Zuwa 1980 mutanen Orangi sun doshi miliyan ɗaya, kuma babu magudanar ƙazanta ta ƙarƙashin ƙasa. Masai na bokiti ne, a kwashe a zubar. Ruwan wanka da na wanke-wanke a tsakiyar layi yake kwanciya, yara suna wasa a gefe. Gudawa, taifot, zazzaɓin cizon sauro, kullum ana hanyar asibiti.

5/
Hukuma ta ce unguwar ba ta cikin tsari, kuma ko tana ciki, kuɗin aikin ya fi ƙarfinta sai an ciyo bashi daga waje. Jama'a kuma suna zaune suna jiran gwamnati, tunda 'yan siyasa sun sha yi musu alƙawari. Kowa na kallon kowa. Kun san yanayin ai.

6/
Nan Dakta Akhtar Hameed Khan ya shigo. An haife shi a Agra ta Indiya a 1914. Ya shiga aikin gwamnatin mulkin mallaka a 1936, aikin da a lokacin babu wanda ya kai shi daraja ga ɗan Indiya, har ya yi karatu a Cambridge. Ya ga yunwar Bengal ta 1943 da idonsa. A 1945 ya ajiye aikin.

7/
Me ya koma yi? Leburanci da gyaran kwaɗo a kusa da Aligarh, don ya san yadda talaka yake rayuwa. Daga baya ya koma koyarwa, a 1959 ya jagoranci kafa cibiyar raya karkara ta Comilla, wadda ta sa aka ba shi lambar yabo ta Magsaysay a 1963. Lokacin da ya zo Orangi a 1980 ya haura shekara 65.

8/
Gidauniyar bankin BCCI ta ba shi tallafi ya kafa shirin da aka sani da Orangi Pilot Project, OPP a taƙaice. Abin da ya fara yi ya ba mutane mamaki. Watanni ya kwashe yana zaga layuka, yana zama da mutane, da magina, da kansiloli, yana tambaya yana saurare. Bai zo da takardar aiki a aljihu ba.

9/
Abin da ya gano: mutanen nan su suka gina gidajensu da kuɗinsu, ba bashin banki, ba taimakon kowa. Wasu ma sun gwada haƙa magudana da kansu, ta toshe ko ta rushe saboda rashin sanin awo. Ya ce to, wanda ya iya gina gida zai iya gina magudana, in an nuna masa yadda ake yi kuma an sauko da farashin.

10/
Ya lissafa shinge huɗu da suka tare jama'a:
• Na tunani: "ai aikin gwamnati ne, kyauta za a yi mana"
• Na kuɗi: farashin 'yan kwangila ya fi ƙarfin talaka
• Na ƙwarewa: ba wanda ya iya awo da zane
• Na haɗin kai: magudana ba ta yiwuwa sai duk layi ya yarda

11/
Sai OPP ta ɗauki wa kanta aiki guda: bincike da taimakon ƙwararru. Ta ce ba za ta ba da kuɗin gini ba. Ko sisi. Abin da za ta bayar kyauta shi ne awon ƙasa, taswirar layi, ƙiyasin kuɗi da kayan aiki, aron kayan gini, horar da magina, da sa ido har a gama.

12/
A 1981 masanin zanen gine-gine Arif Hasan ya shigo a matsayin mai ba da shawara. Suka zauna suna tambayar kowane layi na lissafin hukuma: wannan kuɗin na mene ne? Suka tarar ribar ɗan kwangila, da cin hanci, da ƙa'idojin gini da aka kwafo daga biranen Turai ne suka kumbura farashin.

13/
Misali, ƙa'ida ta ce a binne bututu da zurfi sosai saboda manyan motoci. To layin Orangi wace tirela ce take bi? Aka rage zurfin. Ramukan da ake buɗewa a duba bututu, maimakon a gina su da bulo a yi filasta, aka ƙera ma'aunin ƙarfe mai zagaye, a zuba kankare a wurin. Layi ya ara, ya gama, ya miƙa wa na gaba.

14/
Sun kuma sa ɗan ƙaramin rami tsakanin masan gida da bututun layi, suna ce masa "haudi". Shi yake tare dagwalo da tarkace kafin su shiga bututu, tunda ruwa ba ya wadatar unguwar balle ya tura komai. In ka zuba shara, naka ramin ne zai fara cika. Dabara ke nan.

15/
Sakamakon: masai na zamani a gida, da bututun da ya haɗa shi da layi, da kason gida na magudanar layin, duka suka dawo kusan rufi 1,000, wato ƙasa da dala 100 a lokacin. Ninkin-ba-ninkin ƙasa da abin da hukuma take cewa. Yanzu magana ta zo inda talaka zai iya sa baki.

16/
Sai tsarin jama'a. Dakta Khan bai ce a kafa ƙungiyar Orangi gaba ɗaya da shugaba da ma'aji ba. Ya ce layi. Layi ɗaya gida 20 zuwa 40 ne, kowa ya san kowa, an san mai amana an san wanda ba a ba shi ajiya. Ma'aikatan wayar da kai na OPP, waɗanda su ma 'yan unguwar ne, su je su yi taro da 'yan layi.

17/
In layi ya amince, sai su zaɓi wakilinsu, shi zai rubuta wa OPP neman taimako. Ma'aikata su zo su yi awo, su kawo zane da ƙiyasi. Wakilin ya tara kuɗi, ya sayo siminti da bututu, ya ɗauki magini, 'yan layi su yi haƙa. Ku lura da wannan: kuɗin jama'a ba ya taɓa shiga hannun OPP.

18/
Ni a wurina nan ne hikimar take. Ba kuɗi a ofis, ba zargin "sun cinye". Kuma abin da mutum ya zuba guminsa a ciki ba ya barin sa ya lalace. In bututu ya toshe, ba a jiran kowa, 'yan layin ne suke tara kuɗi su gyara. Mata sun taka rawa sosai, don su ne suke fama da ƙazantar da jinyar yara, su suke matsa wa maza lamba a biya.

19/
Da farko ba a rububi ba. An daɗe ana lallashi kafin layin farko ya yarda a 1981. Amma da maƙwabta suka ga layi ya bushe, ba wari, yara suna wasa a tsakiya, sai buƙatu suka fara yin yawa. Gani ya kori ji.

20/
Ba kowa ya yarda da su ba fa. A farkon shekarun 1980 an kawo ƙwararren mai ba da shawara daga hukumar matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya ga shirin ba shi da babban tsari, ba jadawalin cimma buri, fasahar ma a ganinsa ba ta kai ba. Aka kasa daidaitawa, har aka raba Orangi, kowa ya gwada hanyarsa.

21/
Bayan 'yan shekaru, ɓangaren da aka bi tsarin ƙwararrun waje, da kuɗinsa masu yawa, 'yan layuka kaɗan ya iya yi. Ɓangaren OPP kuwa ana maganar dubbai. Zuwa farkon shekarun 2000, gidaje sama da 90,000 a layuka sama da 6,000 na Orangi sun samu magudana, da kuɗin masu gidajen.

22/
Kada wani ya ce to shi ke nan gwamnati ta huta. A'a. OPP ta raba aikin gida biyu. Na ciki: masan gida, bututun layi, da ƙaramin bututun da yake tattara layuka, wannan na jama'a ne. Na waje: babbar magudana da matatar tsabtace ruwan ƙazanta, wannan dole gwamnati. Talaka ba zai iya gina matata da karo-karo ba.

23/
Yanzu bari in gabatar muku da Perween Rahman. An haife ta a Dhaka a 1957, iyalinta na cikin waɗanda rikicin 1971 ya kawo Karachi. Ta karanta zanen gine-gine, ta bar aikin kamfani ta shigo OPP tana matashiya. Da aka raba shirin zuwa cibiyoyi masu cin gashin kansu a 1988, ita ta riƙe sashen bincike da horarwa, OPP-RTI.

24/
Makaminta taswira. Tun a shekarun 1980 ɗaliban injiniya da na zanen gini suka taimaka aka auna Orangi. Daga baya ta riƙa horar da matasan unguwanni, 'yan sakandare da waɗanda suka gama, su koyi awo da zane. Suka bi unguwannin talakawa na Karachi layi-layi suna rubuta abin da jama'a suka gina da kansu.

25/
Ga amfanin taswira. An shirya wani aikin magudana a yankin Korangi na Karachi da bashin dala miliyan 70 daga Bankin Raya Asiya. OPP-RTI ta fito da zanenta, ta nuna tsarin ya yi biris da magudanan da suke a ƙasa, kuma za a iya aikin da kuɗin gida a farashi mai sauƙi. Ƙungiyoyin unguwanni suka mara baya. A 1999 gwamnatin lardin Sindh ta soke bashin.

26/
Ku duba fa. Yaran unguwa da tef ɗin awo da takarda suka hana a ɗora wa jama'a bashin miliyoyin daloli. A wannan shekarar ta 1999, ranar 9 ga Oktoba, Dakta Khan ya rasu a Amurka yana da shekara 85.

27/
Tsarin ya bazu. OPP-RTI ba ta buɗe rassa ba, ƙananan ƙungiyoyin garuruwa take horarwa su yi a wurinsu, kamar Anjuman Samaji Behbood a Faisalabad da shirin garin Lodhran. A 2006 manufar tsabtace muhalli ta ƙasar Pakistan ta karɓi wannan rabon aiki na ciki da waje.

28/
Amma taswira tana tona asiri. Perween ta shiga rubuta tsofaffin ƙauyukan gefen Karachi don mazauna su samu takardun mallaka kafin masu wawure filaye su kore su. Ta kuma bankaɗo yadda ake satar ruwan famfo ana sayar wa jama'a a tanka. Ranar 13 ga Maris 2013, tana hanyar komawa gida daga ofis, 'yan bindiga suka harbe ta. Allah Ya jiƙanta.

29/
A Disamba 2021 kotu ta yanke wa mutum huɗu ɗaurin rai da rai kan kisan. A Nuwamba 2022 babbar kotun Sindh ta wanke su. Abokan aikinta dai ba su rufe ofis ba, an ci gaba da awo.

30/
Gaskiya ɗaya ce, shirin yana da nasa rauni. Gwamnati ta yi jan ƙafa a nata kason, don haka yawancin ƙazantar ta ci gaba da bin rafuka zuwa teku ba a tace ba. Orangi tana kan gangare, wannan ya sauƙaƙa musu. Kuma akwai tambayar da har yau ake yi: don me talaka zai biya abin da ake yi wa unguwar masu kuɗi da kuɗin gwamnati?

31/
Tambayar tana da nauyi, ni ma ban gama da ita ba. Sai dai na lura mutanen da suka gina layinsu suka riƙe taswirarsa, in sun je gaban hukuma ba roƙo suke zuwa yi ba. Cewa suke: mun yi namu, ga shaida, saura naku.

32/
In na dawo kan layinmu, aikin gayya ba baƙonmu ba ne. Ƙungiyoyin unguwa, kwamitin masallaci, na coci, ƙungiyoyin mata masu adashi, duk sun iya tara kuɗi da mutane. Wanda zai riƙe ma'auni ya ce "nan ya fi nan tudu da kaza" shi muka rasa. Awon yini ɗaya da ya cece mu.

33/
Kuma masu wannan ilimin muna nan, a ajin injiniya, safiyo, tsara birane, kiwon lafiyar al'umma. Muna zana unguwannin da babu su don a ba mu maki, namu layin kuwa ko a takarda babu shi.

34/
Ni dai hutun nan na yi magana da abokaina biyu 'yan safiyo, za mu auna layinmu mu kai wa dattawa zanen da ƙiyasi kafin a sake tara ko naira ɗaya. In akwai wanda unguwarsu ta taɓa yin irin wannan, ya faɗa mana a ƙasa yadda kuka yi da inda kuka yi tuntuɓe.