Gobarau: Hasumiyar da Ta Rage Bayan Masallaci da Makaranta Sun Tafi

Wanda ya taɓa ganin hotunan makarantar Bu Inaniya ta birnin Fas, wadda Sarki Abu Inan ya gina a tsakiyar ƙarni na 14, da sassaƙen katakonta da zanen bangonta, zai iya isa Katsina da tsammanin irin wannan ƙawa. Ba ita zai tarar ba. Abin da ke tsaye a Gobarau hasumiya ce ta ƙasa, mai tsawon kimanin mita 15, faffaɗa daga gindi, tana tsukewa hawa bayan hawa. Masallacin da take wa hidima ya daɗe da shuɗewa.

Ruwayar Katsinawa tana danganta ginin da zamanin Muhammadu Korau, sarkin da ake ɗauka shi ne Musulmi na farko a gadon sarautar birnin, tana kuma haɗa shi da Shehu Magili, malamin Tilimsan da ya zo ƙasar Hausa wajen 1492, ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499) nasiha kan mulki. Bayansa malamai sun ci gaba da sauka. Aida Ahmad al-Tazakhti ya yi alƙalancin Katsina har rasuwarsa wajen 1529. A ƙarni na 17 birnin ya haifi nasa manyan: Ɗan Marina da Ɗan Masani. Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi, ya rasu a Alƙahira a 1741, sunan garinsu manne da nasa.

Ana yawan kiran Gobarau "jami'a", kuma a ganina kalmar tana ɓoye fiye da abin da take bayyanawa. A Fas sarki ne ke gina makaranta, ya yi mata ɗakunan ɗalibai, ya tsayar mata da waƙafi. A nan kuwa, kamar a Sankore ta Tambutu, karatu malami yake bi: ɗalibi ya zauna a zaure ko a inuwar masallaci, ya sauke littafi, ya karɓi ijaza, ya nufi wani malamin. Shi ya sa da Ummarun Dallaje ya gina sabon masallacin Juma'a bayan jihadi, aka bar Gobarau ta lalace, amma karatun bai tsaya ba. Sai a zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906–1944) aka sake tayar da hasumiyar.

Mai neman adon da maginin Hausa ya iya, Zariya zai nufa. Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wa Sarkin Zazzau Abdulkarim a shekarun 1830 yana nuna cewa ƙawarmu a ciki take: ginshiƙai masu kauri, bakan gizo da aka ɗaure da azara suna haɗuwa a sama, da zane da aka fitar da hannu a jikin ɗanyar ƙasa. A shekarun 1970 aka lulluɓe shi da ginin siminti. Ya tsira daga ruwa, amma mai wucewa ba ya ƙara ganin siffarsa ta asali.

Nan ne batun ya shafi mutanen Dawaki da sauran ƙasar Rano da Kibiya. A rabon ayyukan Hausa Bakwai, Kano da Rano ne sarakunan baba. Katsin da ake kwasowa daga karofi shi ake haɗawa da gashin jima da dafara a yi laso, shafen da ke hana damina cin soro. Wato marini da majemi suna da hannu a tsayuwar ginin magini. Yau marina sun yi ƙaranci, katsi ya yi wuya, kuma idan tsohon masallacin gari ya tsage, shawarar da aka fi saurin yankewa ita ce a rushe shi a kawo bulo da kwano.